Mowa da Bora a Sararin Samaniya

Ina da wani hali da ba a kwantar da mutum a asibiti saboda shi, ba a kuma zuwa yi wa mai shi sannu. Ba na iya kallon Star Trek in tashi salin-alin. Kallon kansa ba abin kunya ba ne, kowa da abin da yake raba dare a kansa: wani ƙwallon Ingila, wani fassarar Indiya, wani Labarina. Ni matsalata jerawa ce. Da an gama kashi ɗaya sai in hau lissafin duk shirye-shiryen gidan, in ce wannan ne na ɗaya, wannan na biyu, wancan kuwa bai cancanci ko a amsa sallamarsa ba. Da a cikin kaina abin yake tsayawa, da da sauƙi. Sai na fita neman wanda zan karanta wa jerin, alhali duk unguwarmu babu wanda ya tambaye ni.

Bari in yi wa waɗanda ba su san shi ba bayani, don na san su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi ni kwanciyar hankali. Star Trek shirin talabijin ne da wani Ba'amurke mai suna Gene Roddenberry ya ƙirƙira, tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966. Labarin wani kumbo ne mai suna Enterprise da ma'aikatansa, a ƙarni na 23, suna yawo tsakanin taurari suna cin karo da halittun wasu duniyoyi. Zango 3 kacal ya yi, kashi 79, aka soke shi a 1969 saboda masu kallo sun yi kaɗan. Sai da ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi sannan mutane suka farga. Daga nan ya yi ta haihuwa: fina-finan sinima 13 tsakanin 1979 da 2016, shirye-shirye masu dogon zango fiye da 10, kashi-kashi sun haura 900. Mai hankali zai ɗauki wanda ya yi masa, ya kalla, ya kwanta. Ni kuwa na mayar da kaina mijin da ya tara mata ya kasa adalci. Akwai uwargida, akwai mowa, akwai bora, akwai amarya, ga kuma wasu da ni kaina ban san matsayinsu a gidan ba.

Uwargida ita ce ta 1966, ta Kyaftin Kirk da Spock mai dogayen kunnuwa da Likita McCoy. Ba na bari a taɓa ta a gabana. Nan da nan zan karanto maka cewa a lokacin da baƙar fata ke fafutukar neman 'yanci a Amurka, shirin ya zaunar da Nichelle Nichols a ɗakin tuƙin kumbo a matsayin jami'ar sadarwa, kuma da ta so ta ajiye aikin bayan zangon farko, Martin Luther King ne da kansa ya roƙe ta ta zauna, kamar yadda ta sha faɗa da bakinta. Zan ƙara maka da cewa Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce kallon Nichols na cikin abin da ya zaburar da ita. Duk gaskiya ne. Abin da ba na faɗa shi ne na manta rabon da in zauna in kalli kashi ɗaya nata har ƙarshe. Duwatsun kwali ne, dodannin mutane ne cikin rigar roba, Kirk kuma ba ya rabuwa da yagaggiyar riga. Girmamawa ce kawai ta rage tsakaninmu, irin ta gaisuwar safe daga bakin ƙofa.

Mowa kuwa, kowa a majalisarmu ya san ta, har waɗanda ba su taɓa ganin ko hotonta ba. Deep Space Nine ce, wadda aka nuna daga 1993 zuwa 1999, zango 7, kashi 176. A nan idan na fara magana ba na jin kira. Sauran shirye-shiryen kumbo ne ke zuwa wata duniya, a tarar da rikici, a sasanta cikin minti 45, a ƙara gaba. Wannan tasha ce da aka kafe wuri guda, kusa da duniyar Bajor wadda mutanen Cardassia suka yi wa mulkin mallaka na kimanin shekara 50, suka kwashe arzikinta, suka bar ta da marayu da tsofaffin 'yan tawaye da malaman addini masu rigimar shugabanci. Duk abin da ka shuka yau, gobe yana nan yana jiranka, ba inda za ka gudu. Shugaban tashar, Benjamin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, baƙar fata ne da matarsa ta rasu a yaƙi, yana rainon ɗansa shi kaɗai. Ɗan Afirka ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi kafin ya gane ƙasar da 'yan mulkin mallaka suka tafi suka bar ta da ɓaraka.

Akwai wani kashi na zangon farko da ake kama wani mutumin Cardassia, yana bugun ƙirji cewa shi ne kwamandan da ya yi kisan gilla a wani sansanin aikin dole. A ƙarshe sai ta bayyana akawu ne kawai a sansanin, mai ajiye takardu, wanda yake toshe kunnuwansa da dare don kada ya ji ihun fursunoni. Ya sauya kamanninsa ne don a gurfanar da shi a hukunta shi, ko mutanensa sa amsa laifinsu. Akwai na 1998 da Sisko ya haɗa baki da Garak, wani tela da ake zargin tsohon ɗan leƙen asiri ne, suka ƙirƙiri shaidar bogi don su jawo daular Romulan cikin yaƙi a ɓangarensu. Abin ya kai ga kashe wani sanata da bam, Sisko kuma ya zauna shi kaɗai yana lallashin kansa cewa zai iya rayuwa da wannan nauyi, sannan ya goge bayanin da ya naɗa. A shekarar dai Brooks ya ba da umarnin wani kashin da ya fito a matsayin baƙin marubuci a birnin New York na shekarun 1950, wanda ya rubuta labarin baƙin kyaftin a sararin samaniya, masu mujalla suka ce ba mai yarda da irin wannan. Roddenberry ya rasu a 1991, kuma mutanensa na gobe tsarkaka ne, ba sa ƙarya, ba sa hassada. Wannan shirin ne ya fara tambayar yadda tsarkin zai kasance ranar da abokan gaba suka iso bakin ƙofa.

Kun ga yadda na zuba? To yanzu ku ji rashin adalcin.

Bora ita ce Voyager, 1995 zuwa 2001. Kumbo ne da aka wurga can wani ɓangaren taurari, nisan da haske ke shafe shekara 70,000 kafin ya ratsa, ana lissafin sai sun yi shekara 70 da ɗoriya kafin su dawo gida. Kate Mulgrew ce Kyaftin Janeway, mace ta farko da ta ja ragamar shiri a gidan. Laifinta a wurina ba ya ƙirguwa. A farkon shirin an ce makamai masu linzami 38 suka rage musu, kuma babu inda za su samo wasu. Kafin a gama sun harba ninkin-ba-ninkin haka, masu irin halina sun zauna sun ƙirga. A farfasa kumbon yau, mako mai zuwa ya fito fes ko ƙwarzane babu. Sannan ga kashin nan na 1996 da matuƙin kumbon ya wuce iyakar gudu, ya rikiɗe, ya sace kyaftin, su biyun suka zama wasu halittu masu jan ciki a cikin taɓo, har da 'ya'ya, aka dawo da su mutane, aka bar 'ya'yan can, ba a sake tada zancen ba. Kashin har lambar yabo ta Emmy ya ci a fannin kwalliya. Duk wanda ya ce mini Voyager, da wannan nake tarbarsa.

Amma ita mowar fa? A zangonta na farko akwai kashin da aka jefa manyan jami'an tashar cikin wani wasa, Sisko da girmansa yana tsallen 'yar gala-gala yana rera waƙar yara. A zango na 6 akwai wanda aka yi wa Quark mai mashaya tiyata ya koma mace don a yaudari wani attajiri, abin da ko masoyan shirin ba sa son a tuna musu. Gul Dukat, mugun da aka shafe shekaru ana gina shi da hikima, a ƙarshe an mayar da shi mai jajayen idanu yana tsafi a cikin kogon wuta. Idan aka kawo mini waɗannan sai in ce ai kowane shiri yana da ranar da bai tashi da sa'a ba. So hana ganin laifi. Uzurin da nake raba wa Deep Space Nine kyauta, ko na sayarwa ban taɓa ba Voyager ba.

Abin da ya fi ba ni kunya ma bai zo ba tukuna. Ranar da na dawo gida a gajiye, kaina ya yi zafi, ba na iya ɗaukar yaƙi da makirci da Sisko yana zare ido. Ɗakin bora nake lallaɓawa. Wancan laifin da nake zaginta a kansa, na cewa komai yana komawa daidai kafin a rufe kashi, shi ne abin da gajiyayye yake nema. Ga likitan nan nasu da ba mutum ba ne, hoton kwamfuta ne mai tsiwa, wanda Robert Picardo ya fito a matsayinsa. Da a tashar Sisko yake da tuni na rubuta masa maƙala. Ga kashin Tuvix, inda na'urar sufuri ta haɗe ma'aikata biyu suka zama mutum ɗaya, sabon mutumin ya ce shi ba ya son ya mutu, likita ya ƙi taɓa shi, Janeway ta raba shi da hannunta don ta dawo da mutanenta biyu. Tun 1996 ake gardama a kan ko kisan kai ta yi. Ina kallon wannan da dare, gari ya waye in fita majalisa in ce Voyager ba ta da zurfi.

The Next Generation, ta 1987 zuwa 1994, ita ce wadda nake tura baƙi wurinta, amma yadda nake tallanta ya isa ya kori mai saye. Nakan ce wa mutum shiri ne da babu kamarsa, sai dai ya tsallake zango 2 na farko. Kashi 48 ke nan. Kafin ya rufe baki sai in ce a'a, a zango na 2 akwai shari'ar Data, mutum-mutumin da aka kai gaban alƙali don a tantance ko shi kayan hukuma ne ko mai 'yancin kansa, inda Whoopi Goldberg ta nusar da Kyaftin Picard cewa maganar bauta ake yi. Wannan dole ya kalla. A zangon ne kuma aka fara haɗuwa da abokan gaban da ake kira Borg, wannan ma dole. Sai in gargaɗe shi da wani kashi na 1987 da aka cika wata duniya da baƙaƙen 'yan wasa cikin rawuna, sarkinsu ya sace farar jami'a, abin da Jonathan Frakes, ɗaya daga cikin jaruman shirin, ya fito fili ya kira wariyar launin fata. Zuwa lokacin mutumin ya fara duba agogo. Ban kai ga gaya masa cewa injiniyan kumbon, LeVar Burton, shi ne Kunta Kinte na Roots ba, wanda da shi na fara da wataƙila ya zauna.

A fina-finan sinima kuwa har doka nake da ita, wadda na gada daga masu irin halina na ƙasashen waje: fim mai lambar da biyu ke rabawa yana da kyau, wanda ba ta rabawa ba shi da shi. Na 1, na 1979, kumbo ake ta nuna maka har barci ya ɗauke ka. Na 2, The Wrath of Khan na 1982, da kuɗin da bai kai sulusin na farko ba aka yi shi, kuma har yau shi ne zakara. Na 4, na 1986, ba shi da bos ko ɗaya, wasu manyan dabbobin teku kawai aka koma baya a ɗauko, ya kuma yi kasuwa. Na 5, wanda William Shatner ya ba da umarni a 1989, a bar kaza cikin gashinta. Na 6 da na 8 duk sun yi kyau. Sai na 10, Nemesis na 2002, ya zo ya faɗi warwas, na 11 na 2009 kuma ya tara kuɗi fiye da duk na gabansa. Doka ta rushe ke nan. Maimakon mu haƙura, sai wasu cikinmu suka ce a cusa Galaxy Quest, wani fim ɗin barkwanci na 1999 da ke tsokanar Star Trek, a tsakanin na 9 da na 10, lissafi ya koma daidai. Na karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu.

Na daɗe ina cewa J.J. Abrams bai cancanci ya taɓa gidan ba, tunda da bakinsa ya ce bai tashi yana son shirin ba, shi ya sa ya cika fina-finansa na 2009 da 2013 da gudu da fashe-fashe da hasken da ke kashe ido. Nicholas Meyer, wanda ya yi The Wrath of Khan, shi ma bai san shirin ba kafin a ba shi aikin. Shi wannan nakan ce ya zo da sabon ido.

Waɗanda suka fi shan wahalar wannan hali su ne na kusa da ni. Wani ɗan yayata ya leƙo ina kallo, ya ce, "Kawu, wannan ne Star Wars ɗin?" Yaron ruwa kawai ya shigo sha. Sai da na zaunar da shi na bambance masa su tun daga tushe, kuma tun daga ranar idan ya ji sautin shirin ta taga yake gaishe ni. Wani baƙo kuma tsautsayi ya sa ya tambayi dalilin da goshin mutanen Klingon yake da gargada. Na ce masa ai a shirin 1966 goshinsu sumul yake, a fim ɗin 1979 aka fara yi musu tudun, dalili kuwa kuɗin kwalliya ne da a da babu. Na ce a 1996 an tambayi Worf, wanda shi ma ɗan Klingon ne, a cikin shiri ya ce ba sa tattauna zancen da bare, sannan a 2005 shirin Enterprise ya ɓata kashi 2 yana bayanin cewa wata cuta ce ta shafe musu goshin. Wato saboda mutane irina aka ƙirƙiro annoba sukutum, don a rufe gibin da talaucin kamfani ya haifar shekara kusan 40 baya. Shayin baƙon ya huce a hannunsa. Da ya tafi mai ɗakina ta ce, "Malam, don Allah su waɗannan mutanen sun san kana yi kuwa?" Na ce mata ba a nan take ba. Ta ce to a ina take? Har yau ban ba ta amsa ba.

Sababbin ma ba su tsira ba. Discovery, da ta fara a 2017, na yanke mata hukunci tun kafin ta zauna: kuka ya yi yawa, kowane zango duniya za ta tashi. Da na ji cewa Oyin Oladejo, wadda ta fito a matsayin Owosekun a ɗakin tuƙi, haifaffiyar Najeriya ce, sai na ɗaga shirin sama da mataki ɗaya ba tare da an canza ko layi guda a cikinsa ba. Amarya ita ce Strange New Worlds, ta 2022, kuma a kanta na zubar da sauran mutuncina. Shekara da shekaru ina yi wa abokaina dariya a kan fina-finan da ake tsayar da labari a shiga rawa da waƙa. A 2023 shirin ya yi kashi guda cur na waƙe-waƙe, har Spock ya rera tasa. Na kalla, na maimaita, da aka tsare ni na ce ai nasu daban ne, wata ɓaraka ce a sararin samaniya ta sa su waƙar dole, akwai dalili na kimiyya. Wani abokina ya ce, "Mu ma namu akwai dalili, Malam, soyayya ce." Majalisa ta tashi a kaina.

Ba wai ban san gaskiya ba ne. Na san kowane shiri da zamaninsa yake magana. Na 1966 ya sa Barashe, Chekov, cikin ma'aikatan kumbo ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Fim na 6 ya buɗe da fashewar wata ma'adanar makamashi ta Klingon wadda ta tilasta musu neman sulhu, ya kuma fito a Disambar 1991, watan da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Duk wanda ya tuna Chernobyl ya gane inda aka dosa. Shirin Enterprise ya fara ne makonni 2 bayan harin 11 ga Satumba, 2001, kuma zangonsa na 3 gaba ɗaya farautar waɗanda suka kai wa duniya harin ba-zata ne. Tambayoyi daban-daban suke amsawa, auna su a sikeli ɗaya zalunci ne. Na kuma lura jerin nawa yana bin shekaruna. Ina saurayi Kirk nake so saboda naushi. Da na fara aiki na ga yadda taro ke watsewa a kan shirme, sai Picard mai sauraron kowa kafin ya yanke ya burge ni. Sisko bai hau sama ba sai da na zama uba. Duk na san wannan, ina iya yin lacca a kansa, kuma bai rage mini komai ba. Hali zanen dutse.

Saboda haka ga shawarata ga mai karatu. Idan kana son ka gwada, fara da zango na 3 na The Next Generation, in ya karɓe ka ka wuce Deep Space Nine, ka yi haƙuri da farkonta. Voyager ka ajiye ta don ranar gajiya, kada dai ka ce ni na faɗa maka. Idan kuma muka haɗu a wurin ɗaurin aure ko a layin banki, mu gaisa, ka tambaye ni iyali, ka tambaye ni aiki, amma don girman Allah kada ka tambaye ni wanne ya fi, sai in ka ci abinci kuma ba ka da inda za ka.